Tattarar Shafin Osita

"Osita! Ka goge shi?!"

Keziya ta tsaya a shagon ɗinkinsa da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, idonta taf da hawaye. Kwana uku ta yi tana haɗa samfurin mitokondiriya, wani ɗan sashe na cikin ƙwayar halittar jiki, da ƙyalle, don darasin da za ta koyar gobe. Ta kawo masa ya ɗinke, shi kuwa gwanin tela ya ga shafin ciki a cukurkuɗe, ya bi shi da dutsen guga har ya kwanta sumul.

"Kezi na, wane tela zai bar shafi a yamutse?"

"Ai yamutsewan ne aikin!" Ta zauna a benci tana jan hanci. "Tantani biyu ne. Na waje sumul, ƙananan abubuwa suna wucewa. Na ciki ba ya barin komai ya shiga sai ta ƙofofinsa, kuma a jikinsa ake haɗa ƙarfin da jiki ke aiki da shi. Shi ya sa ya ninninke, don ya samu fili da yawa."

Osita ya ɗaga shafin yana dubawa.

"Tattara ke nan... Yadi da yawa a ƙaramin ƙugu. Yi haƙuri, Nne, ba ni minti talatin."

Da jin wannan sunan ƙauna na Ibo da yake kiranta da shi, haushinta ya bi iska. Wannan natsuwar tasa ce ta sace mata zuciya, ita ce kuma Babanta ya kasa gani. Sau biyu Malam Kaleb, tsohon malamin kimiyya, yana hana dangin Osita zuwa gaisuwa, wai 'yarsa ba za ta auri wanda bai gama sakandare ba.

Keken ɗinki na tsayawa, sai ga inuwa a bakin ƙofa.

"Keziya! Nan ne makarantan?"

"Baba..." Ta miƙe tsaye.

Idonsa ya sauka kan samfurin. Ya ɗauka yana juyawa, ya dubi Osita a wulaƙance.

"Kai ka ɗinka? Ka ma san ko mene ne?"

"Yanzu ta koya mini, sa."

"To me ya sa na cikin ya lanƙwashe?"

Osita ya karɓi samfurin. Ya buɗe shi, ya ja wani zare da ya bari da gangan. Tattarar ta warware, shafin ya yi ta miƙewa har ya sauka daga tebur ya taɓa ƙasa.

"Duk wannan a ciki yake, sa. In yara sun ja da hannunsu, ba za su manta ba."

Malam Kaleb ya daɗe yana kallon ƙyallen.

"Shekara talatin ina zana abin nan da alli," ya ce a hankali, "rabin aji ba su taɓa ganewa ba."

Ya juya zai fita, ya tsaya a ƙofa ba tare da ya waiwayo ba.

"Ka gaya wa Babanka, ran Asabar bayan sujadan safe ina gida."

Keziya ta rufe fuska da tafin hannu, ta fashe da kuka tana dariya.