Abin da Ke Cikin Yero

"Bayan gida fa kika ce, likita?!"

Hajiya ta miƙe zumbur, mayafinta na zamewa. 'Yarta Mufida kuwa tana kan gadon asibiti, ko gezau. Shekara ashirin da uku tana fama da sikila, yanzu saura wata guda a yi mata dashen ɓargo.

"Shi na ce, Hajiya," in ji Dokta Serah. "Akwai ƙwayoyi masu amfani a hanjin kowa. Magungunan da ta daɗe tana sha sun kashe nata. In aka yi dashe a haka, sabon ɓargon yakan juya ya yaƙi jikinta. Za mu tace bayan gidan mai lafiya mu sa mata ƙwayoyinsa."

An gwada 'yan gida, ba wanda ya dace. Hajiya ta dubi Murtala, ɗan ƙawarta na unguwar Maitama, wanda take wa kallon suruki.

Ya yamutsa fuska. "Haba Momi! In abokaina suka ji fa?"

"A kira min Yero," Mufida ta ce.

"Mai kankanar kasuwar Zuba? Ban raba ki da yaron nan ba?"

"Aurena kika hana shi, Mama. Ba ki hana shi cetona ba."

Ta san zai zo. Kafin la'asar sai ga shi, rigarsa na ƙamshin lemo. Ya saurari likita tsaf, ya juyo ga Mufida yana murmushi.

"Sanyin idona... wannan ne kawai? Sau nawa ake so?"

Sai a lokacin hawaye ya zubo mata.

Gwaji ya nuna hanjinsa garau yake. Mutumin wake da zogale ne, ba ya haɗiyar kafso barkatai. Kullum da safe ya taho daga Zuba, ya durƙusa ya gaida Hajiya, ta kau da kai, ya wuce wurin likita.

Aka yi dashe. Kwana ɗari suka cika, ɓargo ya zauna lafiya lau.

Ranar Mufida na jin Hajiya da Yero a bakin ƙofa.

"Kai... ina manyanka suke?"

"Baffana na Kwali, Hajiya."

"Ka ce ya zo ran Asabar."

Mufida ta ɗaga murya tana dariya. "Mama, in dangi suka tambayi abin da ya ba ni fa?"

"Jini ya bayar!" Hajiya ta daka mata tsawa. "Duk wanda ya faɗi wani abu daban, ni da shi ne!"