Hadda Ba Ta Gina Shafi

Ranar da Sharfuddeen ya fara ganin Zakiya, kwalayen kayan gyaran mota ya kai ofishin kago na mahaifinta, mai aika kaya zuwa gida, a unguwar Ras Al Khor. Leburan sito ne, ɗan Funtua, shekararsa uku a Dubai. Yana jiran takardar karɓar kaya sai ya zauna kan kwali, ya buɗe wani littafi yana motsa baki. Zakiya ce a kan tebur, don tun da ta gama jami'a take taya mahaifinta aiki. Ta zaci azkar yake, sai da ta miƙo masa takardar ta ga ashe HTML ne, an rubuta da biro, layi bisa layi, tsaf.

Ta tambaye shi ko ginin shafukan intanet yake koya. Ya ce e, kwas huɗu yake bi a waya lokaci guda. Ta ce huɗu ai sun yi yawa. Ya yi murmushi ya ce a islamiyyarsu ma littafi huɗu suke ɗauka, kuma ba wanda ya mutu.

"To Allah ya ba da sa'a, Gwani," in ji ta.

Tun daga ranar, in dai kayan ofishin mahaifinta ne, Sharfu ba ya bari a aiki wani. A hankali aka yi musayar lamba. Kullum da safe, a motar kamfani daga masaukinsu na Sonapur, sai ya tura mata saƙo.

"Malamata, barka da safiya. Na haddace darasi na sha biyu kafin mu fita daga cunkoso. Amma murmushinki na jiya ya fi shi saurin zama a kai."

Ita kuma ta mayar: "Gwanina, rage zaƙin baki ka riƙe ƙarfen mota kar ka faɗi. Ka karya kuwa?"

Bayan wata takwas ya tura limamin masaukinsu wajen mahaifinta, Alhaji Zainul Abideen. Alhaji bai ce komai kan talauci ba, don shi ma da dako ya fara a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Abin da ya tsaya masa biza ce. Ya ce duk ranar da kamfani ya ce khalas, aiki ya ƙare, lebura sai jirgin gida, shi kuwa ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba shi da sana'a a hannu ba. Ga kuma Izzuddeen, ɗan amininsa, ma'aikacin banki, da iyayensa ke jiran amsa. Zakiya ta ce Sharfu yana da sana'a, da idonta ta gani. Alhaji ya ce to ya zo ranar Lahadi ya nuna.

Ya zo cikin farar jallabiya. Aka ajiye masa laftof, aka ce ya gina shafi ko da ƙarami ne. Sharfu ya zura wa madannan ido. Bai san inda ake buɗewa a rubuta ba. Da Zakiya ta buɗe masa, sai ya ɓata minti goma yana neman alama ɗaya. Can ya ɗago ya ce in Alhaji ya yarda zai kawo shi da ka. Ya kuwa kawo, tun daga layin farko har na ƙarshe, bai yi tuntuɓe ba.

Alhaji ya saurara har ya gama. "Masha Allah, haddarka ta yi kyau, yaro. Amma ni ba musabaƙa na kira ka ba."

Kwana uku Zakiya ba ta ɗaga wayarsa ba, gani take ya yaudare ta ya kunyata ta gaban mahaifinta. A na huɗu ya rubuto:

"Malamata, wallahi ban yi miki ƙarya ba. Ban taɓa mallakar kwamfuta ba. A aji uku na bar boko, karatun da na sani shi ne a rubuta a haddace, sai na ɗauka wannan ma haka ne. Kwas ɗin ma wanda ya fi yawan bidiyo da kyan satifiket nake zaɓa. Ki nuna mini daidai, zan faro daga farko. Ba zan bar ki don jin kunya ba."

Ta karanta sau biyu, ta share ido, ta nufi ɗakin mahaifiyarta. Hajiya Murjanatu ce ta shawo kan Alhaji har ya ba da wata biyar, zuwa Babbar Sallah. In ta wuce, mutanen Izzuddeen za a amsa wa.

Sharfu da Zakiya suka zauna a falo, Hajiya na gefe tana gyaran zogale. Zakiya ta sa ya fita daga kwas huɗun nan duka. Ta ce ɗaya za su nema, wanda zai sa shi bugawa da hannunsa tun darasin farko, ya kuma nuna masa in ya yi kuskure. Ya fara da HTML da CSS kafin a taɓa JavaScript, ya ƙare da aikin da mutum zai gina da kansa. Suka duba wajen goma kafin su samu. Sharfu ya ɗan yi jimamin wani mai satifiket ruwan zinare, Hajiya ta ce in zinare yake so ga kasuwarsa can a Deira. Zakiya ta ɗauko tsohuwar laftof ɗinta ta jami'a ta ba shi aro.

Lokacin hutun rana, abokan aiki na kwance kan kwali, shi yana bayan sito yana bugawa. Yatsunsa sun yi kanta, sai ya danna harafi biyu a tare. Akwai alama ɗaya da ya manta wadda ta hana shafinsa buɗewa kwana huɗu. Ya roƙi Zakiya ta duba masa, ta ƙi.

"Habibi, na gan ta tun jiya, amma ba zan faɗa ba. Ranar da ba na kusa fa?"

Ya gano ta da kansa ranar Alhamis, ya ce ɗaukar injin mota ya fi wannan sauƙi.

Da aka zo aikin ƙarshe, sai ya gina abin da ya sani. Kwastomomin Alhaji na Kano kan turo murya su ce a aiko da kaza, a aika wani daban. Sharfu ya jera kayan da hotunansu da sunan da makanikai ke kiransu, filogi, bushin, kafireto, kowanne da lambarsa.

Saura mako guda Sallah ya koma ofis. Alhaji ya duba shafin, ya ce Zakiya ta ba su wuri. Ya ce ko wannan ma hadda ce, ko kuma aikin 'yarsa ne, yanzu za a gani. Ya ɗauko wani famfon mai daga kwali ya ce a ƙara shi, a kuma ƙara girman rubutu don idonsa. Sharfu ya ƙara, sai hotunan duk suka hau kan juna. Bai ɗago ba. Ya bi layi ɗaya ɗaya, ya gano inda ya karya, ya gyara. Alhaji ya buɗe a wayarsa, ya daɗe yana ja da yatsa.

"Wa ke gare ka a Funtua?"

"Kawuna, Alhaji."

"Ka ce ya same ni a Kano bayan Sallah."

A Kano aka ɗaura aure, aka dawo Dubai aka yi walima da 'yan sito da 'yan kago, har Izzuddeen ya zo ya yi musu murna. Sharfu bai bar sito ba tukuna, amma masu shago biyu sun riga sun ba shi aikin shafi. Da za a tafi da amarya, Alhaji ya riƙe hannunsa ya ce ya ba shi amana, Allah ya sa albarka a hannun nan da abin da zai gina. Kowa ya ce amin. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.