Matakala Biyar Da Tumatirin Inna

Inna na zaune a baranda tana watsa wa tumatirinta ruwa da kofi daga nesa, sai ɗanta magini ya zo ya durƙusa. Ido-Ya-Isa ake kiransa a wurin aiki, don bai taɓa yarda tef ɗin awo ya fi idonsa gaskiya ba.

Ya gaya mata yadda suka yi da baban yarinyar da yake so, wata tela mai yawo a keken guragu tun tana ƙarama. Sharaɗi ɗaya tsohon ya kafa: ba zai kai 'yarsa gidan da sai an ɗauke ta kamar buhu kafin ta shiga ba. Gidan kuwa matakala biyar ne daga tsakar gida zuwa baranda, kuma marigayi mijin Inna ne ya gina su.

"Yi abin da za ka yi," in ji Inna, "amma ka taɓa min matakala ko tumatir ɗaya, to ka nemi wata uwar."

Filin da ya rage tsakanin matakala da lambu bai fi tabarma ba. Nan ya zuba siminti ya yi gangare, ya ja baya, ya kanne ido ɗaya, ya ce ya yi daidai. Ita telar kuwa bai gaya mata ba, wai ba-zata zai yi mata.

Ranar dubawa baban ya ce shi zai fara gwadawa. Ya zaunar da 'yarsa a benci, ya sa aka hau masa da keken baranda, ya zauna a kai yana cika baki cewa shekara talatin ya yi yana tuƙa tirela. Yana sakin birki, keken ya kwasa da shi. Sai ganin ƙafafunsa aka yi a sama cikin tumatir, hula can gefe.

Inna ta ɗora hannu a ka, ba don baƙo ba, don shukarta. Tela ta yi dariya har da hawaye. Amma da baban ya tashi jajur yana cewa aure ya fasu, hawayen suka koma na gaske. Magini ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, don yana son yarinyar nan kamar ransa.

"Baba, a ba ni kekena," ta ce. "Kowa ya yanke hukunci a kan hanyar nan, ban da wadda za ta bi ta."

Ta zaro tef ɗin ɗinki daga jaka, ta sa Ido-Ya-Isa ya riƙe bakinsa kamar ɗan koyo. Duk inci ɗaya na tudu, in ji ta, sai an ba shi goma sha biyu na shimfiɗa. Awo ya bi jikin katanga ya ratsa rabin lambun. Inna ta ce sai dai bayan ranta.

Tela ta dubi kofin da ke hannun Inna. "Inna, yaushe rabon da ki taɓa tumatirin nan da hannunki?"

Inna ta share ido da bakin mayafi ta ce tun bara gwiwa ta hana ta sauka, kunya ce ta sa ba ta faɗa wa kowa ba.

Ba a taɓa matakalar marigayi ba. An shimfiɗa doguwar hanya mai makarin ƙarfe, aka ɗaga tumatirin cikin akwatunan bulo daidai hannun mai zaune. Baban ya sake gwadawa, wannan karon a ƙafa, sannan ya ba da 'yarsa.

Yanzu kullum da safe Inna da amarya ne a lambu, kuma duk baƙon da ya zo sai Inna ta ce ita ta kawo shawarar. Magini ba ya musu, yana dai yawo da tef a aljihu. Ya gane cewa in za ka gyara wa mutum gida, so kaɗai bai isa ba, sai ka tambaye shi.