Bargon da Emilia Ta Ɗinka

Da magariba abin ya fara, a kwatas ɗin reluwe na Kafanchan, wata biyar bayan an binne Nicholas direban jirgin ƙasa. Matarsa Emilia tana zaune a bakin ƙofa da allura a hannu, sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Na biyu ya biyo. Ta leƙa waje, babu kowa, har kaji sun yi tsit.

Emilia ba tela ba ce. Tun rasuwar mijin ta kasa kyautar da kayansa, sai ta yayyanka rigunansa, har da kakin aikinsa, ta shiga haɗa su bargo ɗaya da hannu. Ba wanda ya koya mata, ba ta kuma tambayi kowa ba, alhali unguwar ba ta rasa masu sani ba. Ɗinkin duk a karkace. Don tsoron kada ya warware, kowane layi sau uku take binsa da zare biyu.

Saura gurbi ɗaya a tsakiya rigunan suka ƙare. Sai ta ga wani farin ƙyalle a reshen tsamiyar da ke bayan layin dogo. Ta zaci iska ce ta kwaso shi daga shanyar wani. Ta wanke shi, ta ɗinke a jikin kakin Nicholas.

Kwana uku ana jifa. A na huɗu 'yarta Fidelia, mai shekara goma sha shida, ta daina cin abinci, ta koma lungu tana rawar ɗari ana tsakiyar zafi. Matan zumunta suka zo daga coci suka yi addu'a, suka yi waƙa, yarinya sai ramewa take. Maƙwabcinsu Meshak ya ce shi ba zai zura ido ba, ya je ya ɗauko Malam Nuru, wani tsoho da aka sani da aikin fitar da aljanu.

Malam ya zauna yana karatu a hankali. Rana na gab da faɗuwa Fidelia ta ɗago kai, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta. Tsohuwar ta ce tun kafin a shimfiɗa dogo take zaune a tsamiyar nan, jirage na hana ta barci, ba ta taɓa cewa uffan ba. Mayafi ɗaya gare ta, shi ma an bi an ɗauke.

"Da ma a ce gwana ce ta ɗauka. Malam, dubi ɗinki don Allah. Ni guda, mayafina a hannun 'yar koyo."

Malam ya ba ta haƙuri, ya ce za a sayo mata sabon yadi a kasuwa. Ta ce nata take so, kuma kafin duhu ya rufe, in ba haka ba ta yi zamanta a jikin yarinyar, tunda da ɗumi.

Emilia ta ɗauko reza ta fara farkewa. Zaren ya ƙi. Duk inda ta ja, ƙyallen ke neman yagewa. Tsohuwar ta ce ba ta karɓar yagaggen mayafi, a kawo bargon yadda yake, warin man jirgin da ke jikinsa za ta daure.

Emilia ta daɗe da bargon a fuskarta.

"Malam, shi kaɗai ya rage mini nasa."

"Na sani, Maman Fidelia," in ji Malam, bai ɗago ba. "Ga 'yarsa can a lungu."

Da kanta Emilia ta kai bargon, ta rataye a reshen tsamiyar, ta juyo ba ta waiwaya ba. Kafin ta iso gida Fidelia ta yi atishawa uku, ta nemi ruwa. Jifa bai sake faɗowa ba.

Da yarinyar ta dawo hayyacinta sosai, ta duba ɗakin, ta tambaya ina kayan babanta. Emilia ta tura mata kwanon tuwo, ta ce ta ci tukuna.