Babu Jan Gari a Bangon Falcha

Da sassafe Baba Asta Man ya iso falcha da gangarsa a kafaɗa, sai ya tarar da bango tsirara. Sassaƙaƙƙen katakon da ke saman gurbin Nasadyo, abin bautar makaɗa, babu shi. Tsohon ya zauna, ya rungume gangar har 'yan sanda suka zo.

Sufeto Timila Shrestha 'yar garinmu Thimi ce, ba sai an gaya mata abin da aka yi mana ba. Falcha dai rumfa ce ta bulo da katako a bakin lungu, amma a nan tsoffinmu suke waƙar ibada safe da yamma, a nan mata suke fakewa da shinkafarsu in hadari ya taso. Masu faɗaɗa hanya sun daɗe suna harararta. Katakon nan kaɗai, da yake kayan tarihi ne, ya hana su rushe ta, domin bango da rufi duk gyaran bayan girgizar ƙasa ne. Ga shi kuma masu duba kayan tarihi suna tafe a makon.

Timila ta duba bangon. Babu alamar zarto, an zare turakun katakon ɗaya bayan ɗaya. A ƙasa ga ganye da shinkafa da fure, a bakin gurbin kuma an ɗiga rawayan shafi.

"Baba, kai ka ajiye wannan?"

"Ni? Jiya da hannuna na share wurin nan."

"Hadayar neman gafara ce."

"Ita ce, 'yata. Ya sace shi, ya kuma ba shi haƙuri. Tir!"

Ɓarawon ɗan gida ne ke nan. Baƙo ba ya tsayawa neman gafara.

Ta fara da Juju Kaji, mai sayar wa 'yan yawon buɗe ido tsoffin kaya.

"Haba ranki ya daɗe! Kayana duk sabbi ne, hayaƙi nake musu su tsufa. Kuma dubi nan." Ya ɗaga hannunsa na dama, a naɗe da filasta tun daga faɗuwar babur. Katakon kuwa sai mai hannu biyu. Ta bincike shagon duk da haka, ba ta sami komai ba.

Sai Indra Shilpakar, kafintan da ya kafa turakun a lokacin gyara.

"Ina ka kwana jiya?"

"A Nuwakot, muna rufin wani haikali. Yanzun nan na sauka daga mota."

Ta buga waya, aka tabbatar mata. Tana shirin tafiya idonta ya tsaya a goshinsa. Ga jan garin ibada nan raɗau, irin wanda kowannenmu ke shafawa da safe, irin wanda ba ma yin hadaya sai da shi. A bangon falcha kuwa babu ja ko ɗigo. Sai ta tuna mutum ɗaya ne a lungun da aka hana shi taɓa ja.

Ta sami Dilendra Prajapati a tsakar gida yana kwaɓa yumɓu, cikin fararen kayan makoki. Ɗan marigayi Bekha Narayan ne, shugaban mawaƙan falchar, kuma tare da Timila suka yi firamare.

"Yaya Dilendra, kana zuwa falcha kwanan nan?"

"Mai makoki ba ya waƙa."

"Ba ya shafa ja kuma, sai shekara ta cika. Wanda ya cire katakon ya san turakun, ya san ana neman gafara. Kowa a lungun nan da ja zai nema. Kai kaɗai ne hannunka zai tafi ga rawaya."

Ya cire hannu daga yumɓun.

"Ko tunani ban yi ba," in ji shi. "Hannuna ne ya saba."

"Don me, Yaya? Falchar mahaifinka ce fa!"

"Ita ta kashe shi. Ranar da zuciyarsa ta buga, motar asibiti ta zo bakin lungu, falcha ta hana ta karya kwana. A bayana na goyo shi. Ina jin numfashinsa a wuyana, muna isa gaban rumfar nan na daina ji. Uwata tana ciki tana tari, Timila. In goyo ta ita ma?"

Ni dai har yau ban sami amsar tambayar nan ba, kuma abin yana cin raina. Timila ta koma kan aikinta.

"Ina katakon? In aka mayar kafin masu dubawa su zo, kowa ya huta."

"Na san in na ɓoye za ku samo. Na miƙa wa kogin Hanumante."

Damina ce, kogin ya cika ya batse. 'Yan sanda da samarin unguwa suka bi gaɓa da gora har inda ƙafa ta gaji, suka dawo da laka. Masu dubawa suka zo, suka kalli sabon bulo da ramukan turaku, suka koma motarsu.

Dilendra bai cire fararen makoki ba aka kawo motar rusau, aka rushe falchar. Yana tsare a lokacin, bai gani ba. Mawaƙa suka gwada taruwa a saman gidan wani, amma tsoffi ba sa iya hawa bene, sai aka ragu, aka ragu, aka daina. Baba Asta Man ya rataye ganga, ya daina fitowa.

Motar asibiti ta farko da ta shiga lungun, shi ta zo ɗauka. Ta iso har ƙofarsa, ko birki ba ta taka ba. Timila tana cikin masu roƙonsa ya shiga.

"'Yata, ku sallami direban nan," in ji shi. "Ba za a bi da ni a kwance ta kan kufan falcha ba."

Motar ta juya cikin sauƙi, ta fita babu kowa a ciki.