Wadda Ke Tsaye a Baya

Maganar da ta zaga danginmu a bara ita ce wai mai gyaran kyamara ba Auta yake so ba, 'yar kawunta yake so, kuma wai hoto ne ya tona masa asiri. Kowa ya ga hotunan, kowa ya girgiza kai. Har waɗanda ba su san ta ina ake riƙe kyamara ba cewa suke ai hoto ba ya ƙarya.

Ni ce yayar uwar Auta. Shekara talatin da biyu na yi ina koyar da lissafi, kuma aikin ya bar ni da wani hali da dangi ba sa so: in aka ce mini kowa ya sani, sai in tambayi wanda ya auna. Amma bari in fara daga inda su biyun suka fara.

Auta ta tsinci kyamarar marigayi mahaifinta a ƙasan akwati, naɗe cikin tsohuwar singileti. Irin ta da ce, mai cin fim, 'yar ƙarama amma da nauyi. Ba ta gaya wa uwarta ba, ta kai ta wani ɗan shago a ƙarƙashin bene, tsakanin mai yanka makulli da mai ɗinkin labule.

Ta tarar da shi duƙe a kan farin tawul, gilashin ƙara girma maƙale a ido ɗaya, yana tsintar wani abu da hantsaki.

"Sannu da aiki, Malam. Ana ta da matattu a nan?"

"In ba su daɗe ƙwarai ba," in ji shi. Ya ɗago kai, ya manta bai cire gilashin ba, ido ɗaya ƙato ɗaya ƙarami. Ta yi dariya har ta dafa ƙofa.

Ya karɓi kyamarar da hannu biyu. Ya ce mai ya daskare a cikinta, kuma abin da ke ƙiftawa in an danna ya ƙage. Aikin sati uku ne.

"Sati uku? Ni na ɗauka gobe."

"To, 'Yar Gaggawa, gobe sai dai ki zo dubiya."

Ta kuwa zo dubiyar. Ta zo jibi ma. Ita ta raɗa masa Likita, shi kuma 'Yar Gaggawa ta bi ta. Wata rana ya miƙa mata kyamarar ya ce ta leƙa ta 'yar tagar baya.

"Kin ga ɗan tabo mai ruwan ɗorawa a tsakiya? Ɗora shi a kan hancina."

"Hancinka ya zama biyu. Da ma ɗayan ya ishe ka."

"Murɗa zoben gaba a hankali."

"Sun haɗu!"

"To, haka take gane nisan mutum. Akwai ɗan madubi a ciki, bai kai farce ba, shi ke wannan aikin. In ya goce ko da kaurin gashi ne, za ki haɗa hanci biyu lafiya lau, amma gilashin gaba yana kallon wani wuri daban. Shi nake bari ƙarshe, sai na gama komai."

Daga baya ta ce mini ko kalma ɗaya ba ta ji ba. Hancin take kallo.

Saƙonni suka fara kai da kawowa. Ta nuna mini wasu:

"'Yar Gaggawa, marar lafiyarki ta ƙifta ido yau. Ki zo ki ji sautinta."

"Likita, in sauti ne kawai ka turo mini ta waya."

"Ki zo. Na hana kowa zama a kujerarki, har mai makulli ya yi fushi."

Ranar da ƙanwata, uwar Auta, ta ji labari, taɓarya ta ajiye a tsakar kicin ta fito.

"Mai hoto? A gidan nan? Auta, na ga ƙarshen namijin da ke kallon mutum ta ɗan rami. Ga mai kemis nan shekara biyu yana zarya, mutum mai mota, ko maganin hawan jinina bai taɓa bari ya yanke ba."

"Umma, ai ke ya kamata ya aura."

Marin da Auta ta sha, ta ce har washegari kunnenta na ƙara.

Kuskuren kuwa ran Asabar aka yi shi. Auta ta je shagon tare da 'yar kawunta, ta dage sai an ɗauke ta hoto.

"Saura madubin, ban duba shi ba," in ji shi.

"Fim ɗaya kawai, Likita. Ina so in ga yadda Baba ya gani, kafin ka taɓa mata ido. Ko ba ka sona?"

Shekara goma yana wannan sana'a bai taɓa sakin aiki rabi ba, ranar ya saki. Ya tsayar da ita a inuwar bene, taku huɗu daga gare shi, ya yi ta dannawa. 'Yar kawun tana bayanta kaɗan, riƙe da jaka, tana hamma. Auta ta tafi gida da kyamarar, wai sai Litinin za ta mayar masa. Fim ɗin kuma 'yar kawun aka ba ta kai wanki, kuma wurin wankin yana jikin kemis.

Mai kemis ne ya fara gani. Hoto goma sha biyu, a kowanne fuskar Auta dishi-dishi kamar an shafa mata ruwa, 'yar kawun kuwa tar, har ana ƙirga gashin girarta. Kafin azahar ya ɗauke su da wayarsa ya tura wa ƙanwata, da 'yar gaisuwa a ƙasa. Kafin la'asar dangi duk sun samu. 'Yar kawun ba ta musa ba, sai murmushi take tana gyara ɗankwali.

Ya rubuto wa Auta:

"Wallahi fuskarki na haɗa, sau goma sha biyu. Madubin ne. Ki kawo ta in nuna miki."

Ta amsa:

"Kai ne mai gyara. In kai ma kayan aiki za ka ɗora wa laifi, wa zan yarda da shi? Kada ka sake kira na da sunan nan."

Uwarta ta karanta saƙon nasa ta yi wata dariya marar daɗi. "Haka ubanki ya ce. Harafi ɗaya bai canza ba." Ta ƙwace kyamarar ta kulle, ta aika wa mai kemis ya turo manyansa ƙarshen wata.

Dole in faɗi abin da take nufi. Shekara talatin da suka wuce, farkon aurenta, ni ke yi mata kitso duk Asabar a barandarsu, tana zaune a ƙasa ina kan kujera a bayanta. Mijinta yakan fito da wannan kyamara ya ɗauki amaryarsa. Da aka wanko, ita dishi-dishi, ni tar. Ya rantse ita ya nufa ba ni ba, ya ce ko idonsa ne ya lalace, har tabarau ya yanka. Ta ce to me ya sa hotunan taro da yake ɗauka a rana suke fitowa fes? Ya naɗe kyamarar ya jefa a akwati. Ta zauna da shi har ya rasu, ta haifa masa 'ya'ya biyar, amma ba ta sake yi masa dariya irin ta da ba. Ni kuwa ban sake taka gidan ba sai ranar jana'izarsa. Ni mai tambayar wa ya auna, a lokacin ban auna ba. Fushi na yi, na riƙe fushina.

Auta ta zo wurina idonta a kumbure. "Inna, ke ce mai ilimi. Hoto yana ƙarya?"

"Ban sani ba. Za mu gani."

Na je gidan ƙanwata da hantsi. Ba ta ba ni wurin zama ba.

"Me za ki yi da ita, Yaya? Aikin da ta yi miki a da bai isa ba?"

"Aunawa zan yi."

"Ki auna. Ni na gama nawa awon tun kafin a haifi yarinyar nan." Ta dangwara mini ita a tebur.

Na sa aka kira mai gyaran zuwa gidana. Ya rame, rigarsa na yawo a jikinsa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo hannu zai karɓi kyamarar.

"A'a. Sa mini fim, sannan ka koma can ka harɗe hannu. Ban yarda da kai ba, yaro."

"To, Mama."

Na jera kofi bakwai a kan dogon benci a inuwar baranda, taƙi ɗaya tsakanin kowanne, na rubuta musu lamba da alli. Na tsaya ta kan bencin, kofunan a jere suna nisa da ni, taku huɗu daga kofi na uku, na sa ya saita hasken yadda ya yi a shago. Na leƙa, na murɗa zoben har ukun nan biyu suka zama ɗaya, na danna. Sau shida na yi, Auta ma ta yi shida. Na ɗauki fim ɗin da kaina na kai wani wurin wanki a can wata unguwa, na zauna a kan kujerarsu har aka gama.

Kofi na uku dishi-dishi. Na biyar tar, har ana ganin tsagar da ke bakinsa. Duka goma sha biyun.

Auta ta duba su ɗaya bayan ɗaya. Ta juya wajensa.

"Likita..."

"Na'am."

"Ba za ka ce komai ba?"

"Laifina ne. Na san ban gama ba na ba ki. Amma kwana goma sha tara, ko sau ɗaya ba ki ce bari in je in gani ba."

Ta rufe fuska da mayafi. Na bar su na shiga ɗora shayi, kuma ban yi sauri ba.

A gabanmu ya gyara ta. Ya shimfiɗa tawul ɗinsa, ya cire murfin sama, ya leƙa wani dogon ƙarfen sadarwa da ke can nesa. Ya ce abu mai nisa haka dole ya zama ɗaya in zoben ya kai ƙarshe, ga shi kuwa biyu ne. Ya sa wata siririyar sukuddireba ya juya wani ɗan sukuru, juyin da bai kai kwata ba. Sannan ya manna farar takarda inda fim ke kwanciya, ya auna kofin da tef, ya ƙara ɗan taɓawa. Duka-duka minti ashirin. Na tambaye shi zancen hotunan taro, ya ce a rana ana tsuke ƙofar haske, na kusa da na nesa duk su fito, laifin sai a inuwa kuma a kusa yake nunawa. Ya nuna mini wata lotsawa a kusurwar murfin, har ta yi tsatsa.

"Ta taɓa faɗuwa, Mama. Tun da daɗewa."

Na kai wa ƙanwata hotunan kofuna da murfin. Na jera su a gabanta. Ta ɗauki murfin, ta sa babban yatsa a cikin lotsawar. Da ta yi magana, ba ni ta kalla ba.

"Ki ce wa yaron ya turo manyansa."

Mai kemis ya daina kawo maganin hawan jini a satin. 'Yar kawun ta ce ita da ma ba ta taɓa cewa komai ba.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Amarya ta yi kyau, ango ya ɗan mayar da jiki, ya riƙa kiranta 'Yar Gaggawa a gaban mutane tana harararsa. Ƙanwata ta dafa kawunansu ta ce, "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya. In ɗayanku ya rantse, ɗayan ya saurara." Muka ce amin.

Ango ya ce sai ya ɗauki surukarsa da kyamarar. Ta zauna a kujera a inuwar baranda, ta ce, "Yaya, zo ki tsaya a bayana." Na tsaya. Yana murɗa zobe ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba ta waiwayo ba.

"Ni na yar da ita. Sati biyu da aurenmu, ina goge kabad, ta faɗi a siminti. Na mayar da ita inda take. Ban taɓa gaya masa ba."

Aka danna. Hoton yana ɗakina yanzu, ita tar, ni dishi-dishi a baya.

Madubin ya goce ne da kaurin gashi, kyamarar tana kai ido taƙi biyu bayan wanda aka nufa. Ango Auta yake kallo. Marigayi ma matarsa yake kallo.