Wa Ya Kwashe Rassan Kan Titi?

Sufeto bai kai ga kurɓar shayinsa ba wayar ofis ta ɗauki ƙara. Mai garin ƙauyen da ke bayan gangare ne, yana magana yana haki kamar an biyo shi.

"Yallaɓai, ku zo yanzu-yanzu. Ɗan acaɓa ya daki babbar mota a kwana, ya rasu nan take. Matasa sun kewaye direban, har an kawo fetur."

Sufeto mutum ne mai jiki, wanda ko ruwan sama bai isa ya sa shi sauri ba. Amma da ya ji an ambaci fetur, sai ga shi a mota kafin Kofur ya gama neman makulli.

Sun tarar da titin ya cika maƙil. Motar siminti ce tsaye a bayan kwanar, inda mai saukowa daga gangare ba zai gan ta ba sai ya zo dab da ita. Babur ɗin ya shige ƙarƙashinta ya lanƙwashe. Buhun da aka ɗauro a bayansa ya fashe, dusa ta watsu a kan kwalta. Gawar kuwa an riga an kai ta gida.

Direban yana cikin shagon mai faci. Mai facin ne ya tura shi ciki ya garƙame ƙofa, ya tsaya a baki da ƙarfen cire taya, gumi na zubo masa. A gaban taron akwai wani dogon dattijo, muryarsa ta fi ta kowa tashi.

"Wane ne wancan?" in ji Sufeto.

"Kawun mamacin ne," in ji mai gari. "Auta muke ce wa yaron. Shi ya riƙe shi tun rasuwar ubansa."

Sufeto ya taka tarin tsofaffin tayoyi ya hau, ya ɗaga hannu.

"Duk wanda ya ƙyasta ashana a nan, da shi zan fara. Kawu, Allah ya ji ƙan ɗanka. Me direban nan ya yi?"

"Me ya yi? Ya ajiye mota a tsakiyar kwana, ko ganye ɗaya bai sa ba! Kowane direba ya san in mota ta lalace ana jera rassa a hanya don na baya ya rage gudu. Shi ya shige ya yi barcinsa, ya kashe mini yaro."

Taron ya ɗauki ihu. Wani saurayi ya ɗaga jarkar fetur sama.

"Ku ba ni zuwa lokacin da za a fito da gawa," in ji Sufeto. "In shi ne, da hannuna zan sa masa ankwa a gabanku."

Jarkar dai ta sauko ƙasa. Sufeto ya shige shagon.

Direban yana tsugune a bayan injin iska, leɓensa a fashe.

"Yaushe motar ta lalace?"

"Jiya da magariba, ranka ya daɗe. Abokin aikina ya tafi birni neman kayan gyara."

"Ka sa alama?"

"Wallahi na sa. Na hau ceɗiyar can na sassaro rassa, na jera su tun daga saman gangare, kowanne na danne shi da dutse. Na farkon har na yagi tawul ɗina na ɗaura masa, don ja ne, fitila za ta haska shi."

"To ina suke?"

"Ban sani ba. Ƙarar ce ta tashe ni da sassafe. Da na fito, titi wayam."

"Miƙo hannunka."

Tafukansa duk sun yi baƙi-baƙi, suna ɗan mannewa. Farin ruwan ceɗiya haka yake, in ya bushe a fata ko a tufa sai ya bar tabo, kuma sabulu bai cika fitar da shi da sauri ba. Sufeto ya karɓi ragowar jan tawul ɗin ya cusa a aljihu.

Suka haura gangaren shi da Kofur. Rassa kam babu ko ɗaya. Sai dai duwatsu ne a jere a gefen kwalta, wani nan, wani can gaba. Sufeto ya durƙusa da ƙyar ya ɗaga guda. Ganye biyu ne a ƙarƙashinsa, kore shar, an tsinke su daga reshe. Ya ɗaga na gaba, haka nan.

"Ko iska ce ta kwashe, Yallaɓai?" in ji Kofur.

"Iskar garinku ce ke zare reshe ta bar dutse a wurinsa? Dubi ceɗiyar, ga sabon sara nan. Direba bai yi ƙarya ba. Wani ne ya kwashe su kafin Auta ya iso."

Kofur ya waiwaya ya kalli taron. "To su wa zai gaya musu haka?"

"Ba za su ji da baki ba. Sai mun kawo rassan."

Teburin mai shayi yana fuskantar gangaren sosai. Da ya hango su tafe, sai ya duƙufa goge kofin da ya riga ya goge.

"Ƙarfe nawa ka fito yau?"

"Yau na makara, Yallaɓai. Sai da abin ya faru na zo."

Sufeto ya leƙa akwatin burodi, saura guda biyu. Ya dubi murhu, toka ta taru.

"Ka makara, amma burodi ya ƙare. Su wa suka cinye, aljanu?"

Mai shayi ya ci gaba da goge kofinsa.

"Kofur, duba bayan teburin nan. Mai hura wuta kullum ba ya ƙin itacen banza."

"Haba Yallaɓai! Ɗanyen reshe zan hura? Ai hayaƙi ne zai kori masu saye."

"To ka ga rassan ke nan, tunda ka san ɗanyu ne."

Kofin ya kusa suɓuce masa. Ya rage murya.

"Na gan su jiya, na gan su yau da asuba. Ni baƙo ne a garin nan, da mutanen nan nake ci. In na buɗe baki gobe ba ni da teburi."

"In ka rufe shi kuma, yau za a ƙona mutum a gabanka."

"Gari bai gama wayewa ba na ji ana jan abu, shaa, shaa. Bayan mutum kawai na gani." Sai ya nuna wani lungu da haɓa, ya koma ga kofinsa.

A bakin lungun akwai shatar jan ganye a ƙasa, kamar an yi shara da babbar tsintsiya. Amma ba su yi nisa ba sawun masu zuwa gaisuwa ya tattake ta. Gidaje ne dama da hagu, kuma ba su da lokacin shiga ɗaya bayan ɗaya.

Sufeto ya tsaya cik. "Kofur, me kake ji?"

"Awaki, Yallaɓai. Sun cika mini kunne."

Rani ya yi nisa, ciyawa ta ƙare a daji, kowane gida awaki sai kuka suke. Sufeto ya san wannan kuka sarai, don matarsa na da guda uku da suka ɗau alwashin ba zai ƙara barcin safe ba a duniya. Ya kuma san abu ɗaya da ke rufe musu baki.

Ya ci gaba da tafiya yana kasa kunne a jikin kowace katanga. A nan kuka, a can kuka. Sai a gidan ƙarshe, mai garke babba a baya, shiru kake ji.

Kofur ya riƙo hannun rigarsa. "Yallaɓai, gidan rasuwar ne fa."

Sufeto ya fara hango inda maganar za ta kwana, kuma bai so hakan ba. Suka zagaya ta baya.

Awakin suna kwance a inuwa, cikinsu ya yi tim, suna tuƙa hankali kwance. A kusurwa an jefa tsohuwar tabarma a kan wani tari. Kofur ya yaye ta. Rassan ceɗiya ne, an cinye ganyen tas har da ɓawo. Ƙofar garken kuwa, da jan tsumma aka ɗaure ta.

Wata dattijuwa ta fito da buta a hannu, idanunta sun kumbura. Mahaifiyar Auta ce.

"Inna, Allah ya ba ki haƙuri. Wa ya kawo wa dabbobin nan ganye?"

"Yayana ne, tun da asuba. Har na sa masa albarka. Kwana da kwanaki ba su ci abin kirki ba, shi ya sa jiya da rana ya aiki Auta birni ya sayo dusa. Dare ya yi masa ya kwana can." Ta goge ido. "Wani abu ne, ɗan nan?"

Kafin Sufeto ya amsa mata, ihu ya tashi daga bakin titi.

"Sun fasa shagon!" in ji Kofur.

Sufeto ya warce tsumman, ya saɓa rassan a kafaɗa, ya ruga. Mutanen ƙauyen sun daɗe suna ba da labarin gudun nan: ƙaton ɗan sanda da itace a ka, hula ta faɗi bai waiwaya ba, Kofur na binsa a baya yana busa usur.

Sun iske an jawo direban tsakiyar titi, rigarsa sharkaf da fetur. Mai faci na ƙasa ana danne da shi. Sufeto ya ratsa su kamar sa, ya zube rassan a gaban kowa, ya tsaya a kan direban.

"Ga alamar da kuka ce bai sa ba!"

Ya zaro ragowar tawul daga aljihu, ya haɗa da tsumman. Yagar ta hau daidai.

"Kawu, matso. Ka san rassan nan?"

"Ina zan san su? Itace ai duk ɗaya ne."

"A garkenka na samo su."

"To, nawa ne. A gonata na saro."

Mai gari ya ce a hankali, "Gonarka ba ceɗiya, Dogo. Garin nan kaf ita ke nan guda ɗaya."

"Kuma a gonar taka aka ɗaura musu tawul ɗin direba?" in ji Sufeto. "Juyo kafaɗarka."

Dattijon bai motsa ba. Saurayin mai jarka ne ya leƙa bayansa. Tabo ne baƙi-baƙi tun daga kafaɗar rigar har gadon baya, irin na tafin direban sak.

Kawu ya zauna daɓas a kan kwalta.

"Na fito da asuba na ga ganye kore a zube, mota na takawa," in ji shi, muryarsa ta dushe. "Dabbobi sun hana ƙanwata barci. Na ce gari ya kusa wayewa, mota kuma ƙatuwa ce, wa zai kasa ganinta? Na ce in rana ta fito zan saro wasu in mayar. Ban gama zuba musu ba na ji ƙarar."

"Sai ka ɗora wa baƙo."

"Da wane baki zan gaya wa ƙanwata? Na ga in aka gama da shi, ba mai sake tambayar rassa."

Wannan maganar ce ta fi ɓata wa Sufeto rai. Kwashe ganye wauta ce, irin wadda rabin mutanen da ke tsaye a wurin za su iya yi, shi ya sa da yawansu suka sunkuyar da kai. Amma mutum ya tsaya yana kallo a zuba wa wani fetur don nasa asirin ya rufu, wannan ba wauta ba ce.

"Tashi. Za ka amsa na rassa, za ka amsa na fetur." Ya juya ga mai jarkar. "Kai ma shiga mota, da jarkar taka."

Ba wanda ya ɗaga wa Kawu hannu. Mai faci ya kakkaɓe jikinsa, ya ɗebo ruwa da sabulu ya shiga wanke direban. Shi kuwa direban, ko gama bushewa bai yi ba ya ɗauki addarsa ya nufi ceɗiya, don motar tana nan a kwana, kuma wasu na tafe a bayan gangare. Samari biyu daga cikin waɗanda suka jawo shi ɗazu suka bi shi suna tsintar duwatsu.

Kofur ya sa wa Kawu ankwa, ya tada mota. Dole ta gefen babbar motar za su wuce. A nan ne dattijon ya ɗaga kai ya ga awakin unguwa sun taru a inda Auta ya faɗi, suna lasar dusar da ya aike shi ya sayo.

Ya ɗaga hannuwansa biyu da ankwar ya rufe fuska, bai sake buɗewa ba har suka isa caji ofis.